Kurikulom ɗin da ya sa ni cikin rumbu

Akwai ranar da har in mutu ba ta fita kaina, ranar da na yini cikin rumbun hatsi saboda takardar da na buga da hannuna.

Cikin shekarun tamanin ne, zamanin soja. Na baro lakwal, makarantar boko, a Tawa, na koyi dakitilo, wato bugun keken rubutu, yatsuna kamar wuta, ina ji da kaina. Sai anka ce ana neman sakatare a wani buro, wato ofishin gwamnati, a Buza. Cikin dosiye, takardun neman aikin, har da kurikulom, wato takardar da mutum ke jera sunanshi, garinsu, karatunshi da abin da ya iya. Na zauna na zuba mata faransanci mai maiƙo. A ƙasa, wurin mutanen da za su ba da shaida a kaina, na sa ƙanen babana, Baba Illa, da maigarin ƙauyenmu kusa da Dewule. Ban gaya ma kowa cikinsu ba. Na ɗauka ado ne, kamar sa hannu.

Ga waɗanda ba su sani ba, lokacin nan ba a ɗaukar ka aikin gwamnati sai jandarma ya je garinku ya bincika halinka. Ni ma ban sani ba.

Wata safiya ina karin kumallo sai ga ƙarar moto. Wata mata ta faɗo gidanmu tana haki, wai jandarma na gindin itacen bedi da takarda, yana kiran sunana. Mun taɓa yin yajin karatu a Tawa, kuma wasu abokaina da anka kwasa tun lokacin ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Inna ta miƙe tsaye. Ta jawo tsani, ta nuna mini bakin rumbu. Na faɗa ciki, ta rufe.

Zafi, ƙaiƙayi, duhu. Ko atishawa na riƙe. Duk takun da na ji sai in ce shi ke nan, sun zo.

Sai la'asar anka buɗe. Baba Illa na tsaye yana murmushi kamar wanda ya ci kokowa. Ya ce sun gama da jandarman. Maigari ya ce bai san ni ba, shi kuma Baba ya rantse na tahi biɗa Abijan tun bara waccan, ko wasiƙa ba ni aikowa. Na ce to mi jandarman ya tambaya? Ya ce wai ko ina shan giya, ko ina faɗa, ko na dace da aikin buro.

Sai nan na gane binciken aikin ne. Na ce, “Baba, aikina ne kunka kora.”

Da asuba munka kama hanyar Buza, ni da shi. Da ginin jandarmomi ya bayyana, sai ya ce in an rufe mu, in gaya ma alƙali shi tsoho ne. Ƙarya ga mai kaki ba wasa ba ce a wancan zamani.

Ajidan, wato babbansu a wurin, yana zaune da kurikulom ɗina gabanshi, ga rahoto an riga an buga, ana jiran motar Tawa ta ɗauka. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne na Abijan? Yaushe ka sauka?”

Baba Illa ya cire hula ya durƙusa.

“Ranka shi daɗe, yaron ga bai taɓa wuce Tawa ba. Cikin rumbu shike jiya. Ni na yi ƙarya, ni za a kama.”

Ajidan ya tashi ya matso kusa da ni. Ya miƙo hannu wajen kaina, na runtse ido. Ashe ƙaiƙayin hatsi ya ciro daga sumata. Ya juya shi a yatsa, ya ce shi ma da anka zo ɗaukar yara lakwal a garinsu, cikin rumbu kakarshi ta sa shi, sai dai nasu rumbun ya fi namu kusa da hanya, anka gano shi. Ya yaga rahoton. Ya sa Baba Illa ya zauna, ya maimaita mishi tambayoyin jiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon Baba ya yabe ni har na ji kunya.

Da sabon wata na kama aiki. Kai, ranar nan Buza ta yi mini kaɗan!

Shi ya sa har yau duk wanda ya kawo mini kurikulom in duba mishi, ba ni farawa daga sama. Ƙasa nike zuwa, in sa yatsa kan sunayen shaidu, in tambaye shi ko sun san da zancen. Mutanenmu in suna son ka, ɓoye ka za su yi. Sai ka je da ƙafarka ka gaya musu wannan karon so kake a gan ka.