Mai Gora a Jirgin Yayana

Mu uku ne a jirgin, kowa da aikinsa. Yayana a baya da filafili, shi ke saita jirgi. Ƙanen matarsa a tsakiya, yana kwalfe ruwa da rabin jarka. Ni a gaba da gora. Mutane sun ɗauka mai gora turi kaɗai ya iya, ina! Shi ke auna gefen jirgi da hannu. In saura yatsa huɗu ruwa ya shigo, sai ya ce “Ya isa,” ya tura. Daga nan ko uwarsa ce a gaɓa, sai ta jira sahu na biyu. Haka muka gada, haka nake yi wa masu cin kasuwar Maradun, suna zagina ina dariya.

Wata damina da hantsi, gulbi ya cika maƙil, muna hayi muna sauke buhunan taki, sai muka ji harbi. 'Yan bindiga ne suka faɗa wa wani ƙauye da ke kusa da wurin. Kafin mu juya, mutane sun yo gaɓa, mata da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Suka cika jirgi. Na sa hannu, saura yatsa biyu. Na ce ya isa.

Sai wata mata ta shigo ruwa har ƙirji ta kama gefen jirgi. Na san ta, wajenta muke sayen fura. Ta miƙo mini jaririyarta, ta ce, “Malam, don girman Allah, amshi ɗiyar nan.” Na amsa, na miƙa baya. Amma ita ba ta saki ba, jirgi ya karkata, ruwa ya fara shigowa.

Yaya ya daka mini tsawa, “Tura mana! So kake ka kashe mu duka?”

Na ɓamɓare hannunta da kaina. Na ce mata yanzu za mu dawo. Wallahi na san ƙarya nake, don harbin ya riga ya iso gaɓa.

Duk wanda ke cikin jirgi ya haye lafiya. Sai la'asar muka iya komawa, muka bi gaɓa muna kira, ba mu same ta ba. Yaya ya ce aikina na yi. Na sani, amma har yau raina bai karɓa ba.

Ba wanda ya zo neman yarinyar, sai matata ta goya ta. Bana yarinyar ta shiga islamiyya. An gaya mata gulbi ne ya ci uwarta, ni ma in ta tambaye ni haka nake ce mata.