Hannun Rabe, Sunan Amos

Duk Malumfashi babu wanda bai san Rabe mai lanƙwasa rodi ba. An ce in ya harari ƙarfe, da kansa yake durƙusawa. Boko kuwa, tun aji huɗu suka yi hannun riga, har yau ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ruwan sama ne ya koro shi shagon kwamfutar maƙwabcinsa Amos, ya tarar da shi yana haɗa gumi a gaban kwamfuta. Wai wasa ne na masana kimiyya: a ba ka furotin, wani dogon zare mai ƙwayoyi kamar carbi, ka naɗe shi ya zauna daidai, a ba ka maki.

"Kai mutumina, a kan ƙashi kake tanƙwarawa," in ji Rabe. "Nemi gaɓa!"

Gaɓar kuwa tana nan, 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai suna gilaisin, duk inda ka juya ta sai ta bi. Rabe ya kama ta, ya karkato madaukin zaren sannu a hankali kamar zoben ginshiƙi. Maki ya yi tsallen da Amos ya kusa faɗowa daga kujera.

Shekara biyu, kullum bayan la'asar, Rabe na lanƙwasawa, Amos na karanta masa Turanci. Da sunan Amos ake shiga. "Ai sunana naka ne," in ji shi.

Rannan masanan suka nemi sunayen waɗanda suka yi aikin, za su aiko da takardar yabo. Rabe ya ɗinka sabon kaftani, matarsa Hajo ta gama shelanta wa dangi har garin Dayi. Takarda ta iso, Amos ya rataye ta a bango. Karatun Rabe bai da yawa, amma ya san baƙaƙe huɗun sunansa. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Babu.

"Gurbi ɗaya suka bayar," in ji Amos, yana kallon ƙasa.

Bayan wata guda wata makaranta a Funtuwa ta gayyaci Amos ya gwada wa ɗalibai yadda ake wasan. Ya biyo Rabe wurin gini.

"Maigida, zama kawai za ka yi gefena, kana ƙyafta min ido."

Rabe ya ɗauki guntun rodi, ya lanƙwasa, ya miƙar, ya sake lanƙwasawa a wuri guda. Ƙas! Rodi ya karye biyu. Ya danƙa wa Amos biyun a hannu, ya koma aikinsa.

Har yau suna gaisawa. Amma in ruwa ya tsuge, a waje Rabe yake tsayawa ya jiƙe sharkaf.