Garayar Lantarki da Rediyon Baba

Shekarun baya, lokacin ina kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiyar kiɗan biki a nan Garwa, saura ƙiris a sallame ni saboda jitata ba ta da murya. Kwance na saye ta, kuma duk yadda na ƙure sifika, sautinta a dishe yake fita kamar mai magana cikin tulu. A ɗaki ana ji. Da an fita fili kuwa, sai dai a ga yatsuna suna motsi.

Ana nan sai aka gayyace mu bikin ɗan wani babban mahauci. Wanda ya san bikin mahauta ya san kalangu ne sarki a wurin. Shugabanmu ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, gaskiya ɗaya ce. In kalangu ya haɗiye ka ranar nan, mai fiyano zan ɗauka." Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don ni ban iya komai ba sai wannan kiɗan.

Na kai jitar wurin abokina mai gyaran rediyo a unguwar Roumdé Adjia. Ya buɗe bayanta, ya nuna mini abin murɗa murya, wanda suke kira potar. "Wanda ya riga ka ya sa mata mai lamba ɗari biyu da hamsin, shi ke shanye kaifin sautin. Mai ɗari biyar take so. Ni ba ni da shi, sai an aiko daga Duwala, kafin ya sauka daga jirgin ƙasa a Ngawundere ya hau mota, amaryar ta haihu." Sannan ya ce tsofaffin rediyoyin nan na katako masu kwalabe a ciki kan zo da irinsa.

Akwai kuwa guda a gidanmu, na marigayi Baba. Rediyon ya daina magana tun Baba na raye, amma kullum sai mahaifiyata, Inna, ta goge shi ta rufe da farin ƙyalle. Ita kuwa ba ta taɓa son kiɗana ba. Garayar lantarki take kiran jitar.

Na zauna gabanta ina ta kewaye-kewaye, har tsadar tumatir na tambaye ta. Ta ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka." Na faɗa, kaina a ƙasa. Ta tashi ta nufi rediyon, ta yaye ƙyallen da hannunta. "Cire. Gara ya yi surutu a hannunka da ya zauna bebe a kan kabad."

Ni na liƙa wayoyin da dalma, abokina na tsaye a kaina yana faɗa, na kuwa ƙona yatsa. Matsala ɗaya, kan murɗawa na jitar ya ƙi shiga, dole muka sa na rediyon, ƙato, mai ruwan ƙasa, kamar murfin gwangwanin madara. Da na taɓa tsirkiya ɗaya, sauti ya fito tangararau, har mai shagon kusa ya leƙo.

Ranar biki bayan la'asar, makaɗan kalangu suka hango abin, suka fashe da dariya. Babbansu ya ce, "Malam, kamo mana Kaduna mu ji labarai." Na jona jitata da sifika, don mai nema ba ya fushi. Suka saki kiɗa, fili ya ɗauka. Na murɗa kan rediyon Baba har ƙarshe, na shiga. Jitar ta hau saman kalangu ta zauna daram. Babban nasu ya juyo, ya tako har gabana, na ja ya amsa, ya ja na amsa, mahauta suka cika fili da rawa. Shugabanmu ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Mai fiyano ya nemi wani gidan." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ban san mahaifiyata na cikin matan biki ba sai da na koma gida. Ta ajiye mini tuwo, ba ta kalle ni ba ta ce, "Yau na ji an kunna rediyon babanka."

Na sayi jitoci bayan wannan, masu tsada ma, amma waccan ce nake ɗauka in aiki ya yi aiki. Sau da yawa an ce in cire wannan mummunan kan in sa na zamani. Dariya kawai nake yi. Yanzu kullum da safe jitar ce Inna take gogewa, ta rufe ta da farin ƙyallen.