Dodo ba ya miƙa hannu

Ranar da autana ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ya ce za a yi musu biki, ina zaune a zaure ina yayyafa wa goro ruwa. Ya jefar da jakarsa, ya ce ranar Juma'a kowa zai zo da abin rufe fuska a ba shi alawa. Sunan bikin Halowin. Sai da ya maimaita mini kafin bakina ya iya kama sunan.

Na ce, "A rufe fuska, a bi mutane, su ba ka abin daɗi? Kai, ai dodo ne wannan. Nasara ne suka ara, suka sauya masa suna."

Ya ce, "Wane dodo kuma, Baba?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Yaron da aka yanke wa cibiya a Zongo ne yake tambayata mene ne dodo.

Lokacin da muke yara, in azumi ya yi nisa, da an sha ruwa sai mu fito. Muna da mai waƙa, muna da mai ganga, gangar ma ta gwangwani ce, muna da maharbi da ɗan bakansa. Sauran mu kuwa dabbobi ne. Kowa ya kifa ƙwarya a fuska, ya ɗiga farar ƙasa a jiki, ya ɗaura gwangwanaye masu tsakuwa a ƙafa, ya riƙe sanda biyu su zama ƙafafunsa na gaba. Gida gida muke bi. Kakanninmu fatake ne suka kawo wasan cikin garin nan, har 'ya'yan ƙabilar Mosi suka koya, wasunsu suka fi mu iyawa. Ni ɓauna nake yi. Daga baya aka rushe tsohuwar unguwa, mutane suka watse, mai waƙarmu ya koma can bakin gari, mai gangarmu ya rasu. Ban taɓa zama na ce yau dodo ya ƙare a layinmu ba. Na dai farga wata shekara cewa azumi ya wuce ban ji ƙarar gwangwani ba.

Shi ya sa maganar autana ta faranta mini rai. Na ce a zuciyata ko ta wace ƙofa abin ya dawo, ya dai dawo.

Washegari na sayo babbar ƙwarya a kasuwar Rood Woko, na ɗauro ta a bayan moto, babur ɗina. Uwar yaran ta dube ni ta dubi ƙwaryar.

Ta ce, "Malam, da ka tambayi yadda nasu yake kafin ka ɓata ƙwarya mai kyau haka."

Na ce, "Ni za a koya wa dodo?"

Ta ce, "To, Allah ya ba ɓauna sa'a. Amma kar ka taɓa mini gwangwanayen tumatir sai na juye su."

Har ajin yaƙi da jahilci na fasa zuwa a makon nan, ni da ba na wasa da shi. Na huda idanu, na sassaƙa ƙahoni da icce, na ɗinka su da waya, na shafa baƙi da ja. Hannuna bai manta komai ba. Kullum bayan la'asar sai mu fita tsakar gida in koya masa rawar: yadda ake sunkuyawa a kan sanduna, yadda ake buga ƙafa gwangwanaye su amsa tare, yadda ɓauna ke juya kai kamar ta ji warin maharbi. Gwiwata ta yi ta ƙara, yana ta dariya.

"Baba, ɓaunarka ta tsufa."

"Tsohuwar ɓauna ce ke kashe maharbi, ja'iri. Sake yi."

Yaron ya iya. Wallahi ya iya. Akwai wani juyi da ban nuna masa ba, shi ya ƙirƙiro abinsa.

Sannan na gaya masa dokar da aka gaya mana. Dodo ba ya magana. Dodo ba ya cire fuskarsa a gaban mutane. Dodo ba ya miƙa hannu, don ba bara ya zo yi ba. Kai dai ka yi rawarka har mai gida ya ji daɗi, shi zai kawo kyauta da kansa. Ya ce ya ji. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, a zamaninmu mai waƙa ne yake karɓar kyautar a madadinmu, shi kuwa yarona shi kaɗai zai je.

Ranar Juma'a da yamma na kai shi lakwal ɗin, can wajen unguwar Zogona. Iyaye suna tsaye a bakin ƙofa, ni ma na tsaya, ana hango farfajiyar. An rataye kabewar roba mai haƙora. Kabewar da muke miya da ita, ban san laifin da ta yi ba. Yara duk sun sa baƙaƙen riguna da fuskokin roba irin na kanti, kowa da ledarsa a hannu. Malamai mata sun zauna a ƙofofin ajujuwa da kwanukan alawa. Yaro zai zo da gudu, ya faɗi wata kalma da ƙarfi, ya buɗe leda, a zuba masa, ya ruga ƙofa ta gaba. Shi ke nan wasan. Ba ganga, ba waƙa, ba wanda ya tsaya kallon wani.

Autana ya je ƙofar farko. Ya sunkuya a kan sandunansa ya fara.

Madam ɗin ta yi dariya, ta tafa masa, ta ɗaga waya ta ɗauke shi. Sai ta yi masa magana da Faransanci, na gane tana cewa ya faɗi kalmar, ya kawo ledarsa. Bai ce komai ba, ya ci gaba da rawa. Yaran da ke bayansa suka gaji, suka ture shi suka wuce. Ya je ƙofa ta biyu ya sake sunkuyawa. A nan wani ya ja masa ƙaho, wani ya yi kukan saniya, suka kwashe da dariya. Wani malami ya zo ya nuna gwangwanayen, ya toshe kunnensa. Yaron ya kwance su ya riƙe a hannu, amma bai cire ƙwaryar ba, bai kuma yi magana ba.

Wani mutum kusa da ni ya ce da Mosanci, "Kai, dodo! Rabona da ganin wannan tun ina yaro." Sai wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya.

Kafin yarona ya kai ƙofar ƙarshe kwanukan sun ƙare. Ya fito hannu wofi. Sai da muka hau moto muka bar layin sannan ya cire ƙwaryar. Ina jin fuskarsa a bayana, rigata ta jiƙe.

Ya ce, "Baba, ban yi magana ba."

Na ce, "Na gani."

"Ban miƙa hannu ba."

"Na gani, ɗana."

Na tsaya a wani shago na saya masa alawa. Ya karɓa ya sa a aljihu, bai sha ba.

Na yi haƙuri, na ce azumi na zuwa, a nan zai ga dodo na gaske da ganga da mai waƙa. Da watan ya tsaya na zagaya maƙwabta neman yara. Wani ya ce shi ɗansa ba ya fita bayan magariba, garin ba kamar da ba ne, kuma ban ga laifinsa ba. Wani saurayi da ya yi karatu a waje ya ce mini cikin ladabi, "Baba, ka bar wannan, ba shi da asali a addini." Wata ta ce yaranta suna kallon tele a lokacin. Na dawo gida na ce wa autana ko mu biyu ne sai mu yi, ni in yi waƙa shi ya yi rawa. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙafarsa na ciwo. Ban sake tambayarsa ba.

Da kaka ta zagayo za a sake bikin lakwal ɗin, yayarsa ta sayo masa fuskar roba mai jini a baki. Ya dawo da leda cike, ya zaɓo mini guda biyu masu laushi saboda haƙorina. Na karɓa na sha. Suna da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Ƙwaryar ta daɗe a rataye a zaure. Ba ta ɗibar ruwa, ba ta riƙe hatsi, tun da na huda ta. Kwanan baya uwar yaran ta sauke ta, ta cire ƙahonin, tana kife 'yan tsaki da ita saboda shirwa. Ta ce ramukan idon sun yi daidai, iska na shiga.