Shinkafar da Kakata Ta Dafa wa Kare

Duk shekara idan aka kafa ragunan layya a bakin wuta, kitse ya fara ɗiga yana ƙauri, sai karen kakata ya faɗo mini a rai. Na san wani zai yatsine fuska, ya ce an rasa abin tunawa ranar Salla sai kare. Yatsine abinka, ni dai sai na faɗa.

A wani ƙauye kusa da Buza na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. Tana da 'yar garkar albasa a gindin tudu, kuma tun rasuwar kakanmu wani jan kare mai yankakken kunne ke raka ta can, ya kore mata awaki, ya rako ta gida. Ba ya shiga ɗaki, ba ya taka tabarma. Ya fi wasu mutane sanin iyakarsa.

Ni na jawo masa ciwon, kuma har yau abin na cina. Washegarin Salla na ɗauki kwanon da aka tara kitsen rago, na haɗa da guntayen hanji na juye masa duka, wai shi ma ya yi Salla. Dabbar da ba ta san komai ba sai ƙanzon tuwo. Kafin la'asar zawo ya ɓalle masa. Matar baffana ta ce a ba shi madara ya ji ƙarfi, don a wurinmu duk wanda ya kwanta madara ake fara nema masa. Aka ba shi, abin ya ƙaru. Cikin kwana biyu haƙarƙarinsa ya fito, har ya ɓata bakin zauren da baffa ke hira da abokansa.

Baffa ya rantse cewa ranar kasuwar Buza, in ya dawo ya tarar da shi a haka, zai sa a ja shi bayan duwatsu a gama da shi. Saura kwana uku. Kakata ta ɗago kai daga tsintar wake ta dube shi.

"Karen ga nawa na," in ji ta. "Ran da kunka bar ni ni ɗai cikin garka, shi ɗai yat tsaya."

Ta ɗaure karen a inuwar bishiyar bedi, ta hana shi abinci wuni guda, sai ruwa kaɗan-kaɗan. Na yi ta kuka, ina ganin yunwa za ta ƙarasa shi. Ta ce in rufe mata baki, ciki ne ya gaji, a bar shi ya huta.

Da safe ta buɗe tukunyar da take ɓoye shinkafar baƙi. A gidanmu shinkafa sai Salla ko babban baƙo. Ta dafa ta a wata tsohuwar tukunya mai karyayyen baki, ba gishiri, ba mai, ba yaji, har ta yi luguf, ta murje dafaffiyar kabewa a ciki. Loma uku take zuba masa, sau huɗu a wuni. Mata suka riƙa leƙowa ta saman darni. Wata ta ce wannan almubazzaranci ne, kakata ta tambaye ta ko a rumbunta aka ɗebo.

Ranar kasuwa baffa ya dawo, ya zauna da abokansa a zaure. Kakata ta dogara sandarta ta je har gabansu ta ce ya taso. Ta kai shi gindin bedi, abokan na biye, ta nuna masa kashin karen da bakin sanda. Kashin ya ɗaure, ya yi tauri.

"Duƙa ka diba da kyau, kai mai yanke hukunci."

Baffa, da babbar rigarsa ta kasuwa, ya duƙa ya duba. Bai sake tayar da maganar ba, karen kuma ya ƙara damina biyar yana raka ta.

Yanzu a Madawa nake zaune, ina koyarwa a lakkol, wato makarantar boko. Darni ya zama katangar siminti, shinkafa ta zama abincin kullum, akwai likitan dabbobi a gari. Da karena ya yi zawo bara, abin da tsohuwar nan ta yi shi likitan ya ce in yi, sai dai ya ƙara cewa in na ga jini ko amai in kawo shi da sauri. Amma bakin mutane yana nan yadda na san shi. Maƙwabciyata ta shigo ta ga tukunya a kan wuta, ta tambaya ko baƙi na yi. Na ce mata ta kare ce, na tura itace na ƙara wuta.