Mun Koma Gummi Shan Gahawa

Talata: Gusau zuwa Anka

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ana idar da salla, muka fito daga gida a Gusau, ni da Malam, kowa da 'yar jakarsa. A makon nan aurenmu ya cika shekara arba'in. Surukarmu ta so a kama ɗakin taro, a yanka kek, a ɗinka mana kaya iri ɗaya kamar tagwaye. Malam ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce shi dai a kai shi Gummi ya sha gahawar Isa, bikinsa ke nan.

Shekara uku ke nan da babban ɗanmu ya kwaso mu daga Gummi ya dawo da mu kusa da shi, saboda hawan jinin Malam da kuma halin da hanyoyinmu suka shiga. Gidan ba laifi, asibiti ma a bayan layinmu yake. Amma ko ni da nake nuna na fi Malam haƙuri, ban daina kewar garinmu ba.

Sai dai ba da sakakkiyar zuciya na fito ba. Ana gobe tafiya na ji shi yana waya da wani abokinsa, bai san ina bayan labule ba, yana cewa, "In na taka Gummi, ba ni komowa." Na san halin kayana: a Gummi rana ɗaya zai sha magani, rana uku ya manta, kuma likitansa yana Gusau. Tsoron da na ɗauko ke nan tare da jakata, kada mu tafi mu biyu in dawo ni kaɗai.

Sammakonmu bai amfane mu da komai ba. Mota ta cika tun shida, direba kuwa ya zauna yana shan kunu. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, wagga hanya ba a yi mata sammako yanzu. Sai motocin Anka sun hwara isowa, mu ji lahiya, sannan mu tashi." Bakwai da minti goma muka tashi.

Muka wuce Bunguɗu da Maru, muka karya kwana a Mayanci. Shinge biyar na ƙirga kafin Anka. A na uku wani soja ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?" Malam ya ce, "Shan gahawa." Sojan ya dube ni don ya ji ko tsohon nan da lafiyarsa. Na ce gaskiya ya faɗa. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Tara da minti ashirin muka shiga Anka. A tasha na sayi hoce, wainar dawa irin ta yankinmu, na ɗari biyar wajen wata mata, da ɗan yaji a takarda. Malam, wanda a Gusau sai an yi ta lallashi yake cin loma uku, ya cinye nasa ya miƙo hannu cikin nawa.

Anka zuwa Gummi

Goma da kwata muka sake mota. Direban nan bai san rami ba, duk wanda ya gani sai ya gaishe shi da taya. Da muka iso Nasarawar Burkullu na leƙa ta taga ina kallon hanyar da ta nufi Bukkuyum, garinmu na haihuwa. Ta nan aka fito da ni amarya a bayan motar ɗaukar gyaɗa, cikin damina, muka kafe a laka sau biyu. Ƙawayena suna ta zungurata in yi kuka kamar yadda aka saba, ni kuwa yunwa nake ji, kuma mijin ni na zaɓi abina tun yana sabon malamin firamare a garinmu, mai keke ɗaya da riga biyu.

Malam ya waiwayo daga gaba ya ce, "Kin tuna?"

Na ce, "Na tuna ka zo tarbata da takalmi ƙahwa guda, laka ta cinye gudan."

Matan da ke gefena suka kwashe da dariya. Muka wuce Ɗaki Takwas, ɗaya saura minti ashirin muka sauka a Gummi. Makullin gida yana hannun maƙwabcinmu Alhaji Mudi, iyalinsa sun share ko'ina, sun shimfiɗa tabarma, sun aiko da tuwon shinkafa da miyar kifin gulbi. Na shiga ɗakina na zauna a bakin gado. Ƙusar da nake rataye mayafi tana nan, na rataye shi, sai kawai hawaye suka zo.

Laraba: Gummi

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayanin gahawar nan. Isa mai gahawa yana da tebur a gefen masallacin unguwarmu. Ubansa ya zauna a Sudan a hanyarsa ta Makka, can ya koyo sana'ar. Isa yana soya ƙwayar a kasko da kansa, ya daka da citta da kanumfari, ya dafa a kan gawayi. Tun muna da 'ya'ya biyu, kullum in an fito sallar asuba Malam zai zauna a teburin ya sha nasa, ya ciko mini ƙaramin fulas, ya haɗo da labarin gari: wa ya haihu, wa ya sayar da sa, wa aka yi wa canjin makaranta. A Gusau mun gwada ta gwangwani, mun gwada ta leda, duk ruwan ɗaci ne kawai.

To amma matar aure ba ta tsayawa a teburin maza. Shekara talatin da wani abu ina shan gahawar mutumin nan ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da safen nan, ƙarfe shida da rabi, na yafa mayafi na bi bayan Malam.

Ya ce, "Ina za ki? Mata ba su zama tebur."

Na ce, "Mata ba su zama. Tsohuwa mai jika tara tana zama."

A raina Isa ƙato ne mai babbar murya. Ashe ɗan tsurut ne, gemu fari fat, yana tafiya yana jan ƙafa. Da ya ga Malam ya ajiye ludayi ya rungume shi. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wagga ita ta mai hulas?"

Malam ya ce, "Ita ta."

Isa ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Na san ba ki son sukari da yawa, na san in kina da mura sai an ƙara citta. Ran da kinka haihi autarku ma na sani, don kwana bakwai hulas bai zo ba. Huska ta kawai ban sani ba."

Ya goge ƙarshen benci da hannun rigarsa, dattawa suka matsa. Ya zuba mini a ƙaramin kofi. Na kurɓa, cittar ta bi maƙogwarona ta sauka har ƙirji, daidai yadda na bar ta. Da Malam ya faɗa musu dalilin zuwanmu, limamin unguwa ya ɗaga hannu aka yi mana addu'a nan a tebur, aka shafa. Isa ya ƙi karɓar ko sisi daga kowa ranar, ya ce walimarsa ke nan. Bikin cikarmu shekara arba'in ke nan gaba ɗaya, kuma ban ga abin da ya rage ba.

Ƙarfe goma na bar Malam cikin abokansa na shiga kasuwa neman wuraren da na saba. Rumfar da nake sayen daddawa ta zama wurin cajin waya. Telana ya koma Sakkwato. Shagon Maman Chidi ne kawai yake nan yadda yake, atamfa a sama, zare da sabulu a ƙasa, da bencin nan da ya ci rabin albashina na koyarwa. Daga kudu ta zo tun tana amarya, yanzu Hausarta ta fi tawa zama ta Gummi. A manyan shagunan Gusau kwando za ka ɗauka ka yi ta yawo, ba mai tambayarka ya jikin maigida. Ita kuwa tana ganina ta saki almakashi.

"Malama, ke ta? Kin yi ƙiba, birni ya karɓe ki."

Na tambaye ta Baban Chidi. Ta ce bara ya rasu, ta kai shi gida an binne, ta dawo. Ban ji ba, wallahi, kuma na ji kunya ƙwarai. Ta ce, "Kina ta cewa kina kewar shago. Ga shago nan, ga gari nan, duk ina da su. Da ana musanya, da na ba da su duka a maido min shi ya zamna nan yana damuna da rediyo." Ta zaɓo mini turmi ɗaya mai ruwan ganye ta ce na cikar aurenmu shekara arba'in ne, in na biya ta ɓata da ni.

Bayan la'asar Malam ya shimfiɗa buzu a tsakar gida ya kira ni. Na san abin da zai faɗa, na kuma zo da amsoshina tun daga Gusau, a jere: likita, magani, hanya, da babban ɗanmu da zai ce mun watsa masa ƙasa a ido.

Ya ce, "Malama, ni dai nan ni ka son zama. Can ban san kowa ba, kowa bai san ni ba. Sai in wuni ban ce uhum ba."

Na dube shi. Yau kaɗai ya yi dariyar da bai yi ba a shekara uku, ya ci malmala biyu ba a roƙe shi ba. Maganar Maman Chidi kuma tana kunnena. Amsoshin nan duk suka tsere. Na ce, "To, mu zamna. Magani ni ka ba ka da hannuna, likita kuma mu riƙa zuwa duk wata. Amma ba ni barinka nan kai ɗai."

Da rigima ya shirya, bai samu ba. Ni kuwa na tashi na shiga madafa ina jin tsoro, amma raina ya kwanta.

Alhamis: komawa

Gari na wayewa na ɗauki guga na nufi rijiyar tsakar gida. Tun zuwana gidan nan ni nake ja wa Malam ruwan wanka da hannuna, ko da yara suna nan, don ban yarda da ruwan garuwa ba. Rijiyarmu gaba goma sha biyu ce. Na zura, na fara ja. Kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Na tsaya na huta, na sake ja, na sake tsayawa. Guga yana gab da fitowa jiri ya ɗebe ni, na dafa bakin rijiya. Sai na ji an karɓe igiyar daga hannuna. Ashe Malam ya dawo daga wurin Isa, yana tsaye a bakin zaure da fulas.

Ya juye ruwan, ya yi wanka, ya karya. Ƙarfe takwas ya ce in haɗa kaya. Na ce wane kaya? Ya ce, "Motar Anka tara taka tashi." Ya fita ya yi sallama da Isa, ya dawo da ƙullin dakakkiyar gahawa a leda, ya mayar wa Alhaji Mudi makulli.

Tara da rabi muka bar Gummi. Na tambaye shi dalili a Ɗaki Takwas, ya ce zafi ake yi. Na tambaye shi a Anka, inda muka jira mota ta cika har sha biyu da rabi, ya ce in ci hocena. Na ƙule, na yi masa shiru har Mayanci, shi kuwa ko a jikinsa, yana ta hira da direba a kan farashin taki.

Uku saura kwata muka sauka a Gusau, mai adaidaita ya kawo mu ƙofar gida. Kafin ya tura ƙyaure na riƙe jakarsa na ce ba mai shiga sai ya gaya mini. Jiya na ba shi abin da yake so, yau ya ajiye, don me?

Ya ce, "Sau uku kinka tsaya kahin guga ya hito. Da ko sau guda ba ki tsayawa. Kuma na san ki, ko mai garuwa goma na ɗauka, gobe sai kin koma bakin rijiyar nan." Ya gyara hularsa. "Gahawa Isa ya ce shina aiko muna duk wata cikin motar Gummi. Ke in kin hwaɗa rijiya, wa za ya aiko min wata?"

Na ce, "Ashe dai tsoron rasa mai ɗebo ruwa kakai."

Ya ce, "Shi na," ya karɓi jakarsa da tawa ya shige.

Na ɗan jima a waje kafin in bi shi, don ba na son surukarmu ta ga idona ta fara tambaya.

Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Godiya ga Alhaji Mudi da iyalinsa, da Isa mai gahawa, da Maman Chidi, Allah Ya ba ta haƙuri. Sai kuma mutumin da na shekara arba'in ban kira sunansa ba, kuma ba a takardar nan zan fara ba. Na san abin da ya baro a Gummi saboda ni. Allah Ya bar mini shi.