Duron Bayan Kicin

Da aka kawo ni Jos, abin da maigidana ya fi yi mini alfahari da shi sanyi ne. Wai sauro ma ya san ba garinsa ba ne. Mahauci ne a Abattoir, mutum ne mai kafiya kamar mutanen farko. Gidan sauron da aka raba mana a asibiti ma ɗauka ya yi, ya je yana rufe nama saboda ƙuda.

Masu kawo shanu ne suka fara zuwa da labarin ciwon shawara, wadda sauro ke yaɗawa. Shekarar farko suka ce tana can ƙasa, wajen manyan koguna. Wata daminar suka ce ta iso gindin dutse. Kowace shekara sai ta ƙara matsowa, mu kuwa muna cewa ai ba ta iya hawa.

Ta hau. Autarmu ta dawo daga makaranta da zazzaɓi, na ba ta maganin maleriya. Kwana huɗu ta warware har ta nemi awara, washegari idonta ya koma ruwan ɗorawa. Ba ta cika mako biyu ba.

Na yi tawakkali a baki, amma ban yafe wa maigidana ba. Shekara biyu ina ajiye masa tuwo ba na kallonsa. Bai taɓa kare kansa ba. Gidan sauron ya dawo da shi, ya wanke, ya ninke.

Wata rana maƙwabciyata, wadda ke aiki a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, ta shigo aron turmi ta bayan kicin. Ta tsaya kan duron da nake tarar ruwan sama. Ban taɓa rufe shi ba, don na fi son ruwan da ya sha iska wajen wanke yunifom ɗin Auta.

"Maman yara, zo ki gani," in ji ta. Na leƙa: 'yan tsutsotsi birjik, suna ta wutsil-wutsil. "'Ya'yan sauron shawara ne; irin wannan, ruwa mai kyau yake so. Kuma ba ya jira dare, da rana yake cizo."

Ba ta san abin da ta faɗa mini ba. A gindin duron nan Auta take zama bayan la'asar, tana taya ni ɗauraya.

Na kifar da ruwan. Da yamma na kai masa tuwo, na zauna gabansa, na buɗe baki. Sai ya riga ni.

"Na sani," ya ce. "Likita ya gaya mini tun ranar da Auta ta rasu cewa sauron rana ne."